Tashi Ka Yi Wanka

Ranar da kamfanin masu jinyar tsofaffi a gida ya ba Tahiratu aikin Ambrose Tillery, sai da matar ofis ta ja ta gefe. "Mutumin kirki ne," in ji ta, "amma ba wadda take daɗewa a wurinsa. Ta ƙarshe da kuka ta dawo mana."

Tahiratu 'yar zangon Aboabo ce ta Kumasi. Ta yi renon ƙannenta, ta yi jinyar kakarta, ta kuma sayar da koko da ƙosai a bakin tasha shekara da shekaru kafin ta zo Amurka. Wadda ta yi ciniki da direbobin tasha, ba tsoho ɗaya ne zai ba ta tsoro ba. Ta ce, "Tsoho ai yaro ne mai furfura. Ba ni adireshin."

Tun daga nan kullum sai ta fito daga gidansu a unguwar Concourse Village ta Bronx, cikin birnin New York, ta shiga jirgin ƙasa, ta canja wani, ta sauka a unguwar Jamaica, ta hau bas zuwa wani ɗan gidan jan bulo. A lokacin, cikin 2015, Baba Tillery ya haura tamanin. Dogo ne, ya rankwafa, ƙafafunsa sun kumbura, amma ƙirjin nan kamar randa. Saksafon yake busawa, irin mai kaurin muryar nan da masu sana'ar ke kira tena, kuma a kiɗan jaz ya tsufa. 'Yarsa Lorraine tana aiki a filin jirgin sama, ita take kwana da shi, ita kuma take kula da shi Asabar da Lahadi.

Ranar farko bai bari Tahiratu ta ajiye jaka ba sai da ya zagaya da ita falon, inda fayafayansa suka cika bango. "Wannan ina ɗan ashirin da 'yan kai," in ji shi, "ina busa a ƙungiyar wani mutum mai zafin rai, muna kwana cikin bas daga gari zuwa gari. Wannan kuma shi ne na farko da aka yi da sunana. Dubi wuyana kamar na zalɓe." Ya nuna mata na shekarun da aiki ya yi wuya a New York, ya tafi Turai ya zauna, yana busa wa mutanen da ke sauraro shiru kamar masu zaman makoki. Ya nuna mata na bayan dawowarsa, da wasu masu yawa da sunansa ke can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda ya raka mawaƙa. Akwai ɗaya da ya cusa bayan kujera, ita ta gano shi tana shara. Na zamanin disko ne. Ga Baba cikin farar kwat, ƙirji a buɗe, takalmi mai taya a ƙafa, saksafon a kafaɗa kamar fartanya.

"Baba, wane ne wannan?"

"Ba ni ba ne, Mis Tahira. Yunwa ce."

Da farko ta rasa abin da ya kori sauran. Tana ba shi magani ya karɓa da godiya, ya kurɓi ruwa, har ya shafa ciki. Sai ranar da ta ɗaga saksafon za ta goge ƙarƙashinta, ƙwayoyi suka zubo daga faffaɗan bakinta, farare da jajaye, kamar an zazzage gwangwanin tsakuwa. Ana nan kuma nas ta zo auna jininsa. Tahiratu ta sunkuya ɗaukar masa silifas, shi kuwa ya sa saksafon a baki ya saki wata gajeriyar ƙara daga can ƙasa mai kama da tusa, sannan ya toshe hanci yana kallonta da tausayi. Nas ta kau da kai. A ranar Tahiratu ta gane abin da ya sa wadda ta gabace ta kuka.

Ita ba ta yi kuka ba. Duk ranar da ya yi mata tsiya, sai ta ɗauko faifan diskon nan ta jingina shi a kan talabijin, daidai inda baƙo zai fara gani. Amma wannan bai isa ya huce mata zuciya ba, ga shi dokar kamfani ta hana a ɗaga wa majinyaci murya. Sai ta samo dabara. Takan faɗaɗa murmushi, ta tausasa murya, ta gaya masa abin da ke ranta da Hausa.

"Tashi ka yi wanka, ƙazamin tsoho."

In ya ƙi shan magani: "Kunnen ƙashi."

In ta kama shi da gyaɗa mai gishiri a aljihun rigar barci: "Kwaɗayi zai kashe ka."

Wata safiya ta ce masa "Tashi ka yi wanka," ta juya za ta haɗa ruwa, sai ta ji an maimaita maganar a bayanta. Ba bakin mutum ba ne, saksafon ce, amma inda muryarta ta hau nan ta hau, inda ta sauka nan ta sauka, har da ɗan jan ƙarshen nan na mai jin haushi. Ta juyo ta dube shi.

"Yarenku waƙa ne, Mis Tahira," in ji Baba. "Tun da kika zo gidan nan kike rera mini, ke ba ki sani ba. Ƙara faɗa."

Daga ranar abin ya zama masa sana'a. Da gangan yake tsokanarta don ta yi magana, tana yi ya cafke, ya juya ta, ya ja ta, ya naɗe ta, ya yini yana wasa da ita har ta zama kiɗa mai kai da gindi. Lorraine ta dawo daga aiki wata yamma ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ta kasa shigowa. Daga baya ta ce wa Tahiratu a kicin, "Rabonsa da ya ƙirƙiro sabon abu tun rasuwar Mama. Ko me kike yi masa, ki ci gaba." Tahiratu ta ce to, tana kallon tukunya.

Labari ya kai kunnen wani mai gemu, Ezra, wanda ke da ɗan kamfanin buga fayafayai a Brooklyn, irin baƙaƙen nan na garmaho da suka sake dawowa yayi. Ya zo ya zauna a ƙasa kan darduma ya saurara, bai tashi ba sai da Baba ya yarda za a yi sabon faifai. Likita ya ce bai so ba, Lorraine ta ce a bi a hankali, Baba ya ce ya ji. Duk Asabar sai motar haya ta zo ta kai shi gwaji da sauran makaɗa.

Ranar ɗaukar kiɗan Tahiratu ta raka shi situdiyo da jakar magani da filas na shayi. Akwai wani tsoho mai fiyano, da mai ganga, da wata mata mai kaɗa ƙatuwar garayar nan da ake tsayarwa a ƙasa. Suna shiga Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Jama'a, ga amaryata. Muna jiran danginta ne kawai." Suka yi ta yi mata barka, matar har da rungumarta. Tahiratu, wadda mijinta ke can Bronx yana tuƙin bas, ta yi murmushin dole.

Da suka fara kiɗan kuwa, ta zauna bayan gilashi ta ji faɗanta na kullum ya koma wani abu dabam. Zagin da take yi kan gyaɗa ya fito a hankali, da kauri da taushi, kamar mutum na lallashin wanda zai yi tafiya mai nisa. Idonta ya kawo ruwa, ta ce sanyin ɗakin ne.

Da aka gama Ezra ya zo da waya a hannu. "Baba ya ce kalmominki ne, don haka su za mu sa a matsayin sunayen waƙoƙin. Ki faɗa mini yadda ake rubutawa, da abin da suke nufi."

Tahiratu ta dubi wayar. Ta yaya za ta ce a gaban mutane ta yi wata da watanni tana zagin majinyacin kamfani? Ta dubi Baba, ya langaɓar da kai yana jiranta kamar ɗan makaranta. Sai ta tuna da "amaryata", ta ce a ranta yau za ta rama. Ta faɗi kalmomin daidai, harafi bayan harafi. Da aka zo ma'ana sai ta gyara mayafi, ta ɗaga ido sama.

"Tashi Ka Yi Wanka, wato ruhin kogi yana kiran alfijir."

Ezra ya dafa ƙirji.

"Kunnen Ƙashi, wato dattijon da ke jin maganar magabata. Kwaɗayi Zai Kashe Ka kuma, ƙauna ba ta tsufa."

"Kai," in ji Ezra, "yare mai zurfi." Baba ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Tahiratu ta koma gida ranar tana dariya ita kaɗai a jirgi, har wata mata ta canja wurin zama.

Ta ɗauka abin a wayar Ezra zai ƙare. Da sanyi ya fara shigowa sai ga kwali an kawo. A jikin faifan ga fuskar Baba, ya yi kyau, ya yi kwarjini, a samansa da manyan haruffa: TASHI KA YI WANKA. A ƙasa ga ruhin kogi da alfijir da Turanci. A baya kuma an yi godiya ta musamman ga Tahiratu, mai riƙe da hikimar kakanni.

Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Ta yi niyyar gaya wa ƙawarta Safiatu, wadda suke hawa ɗaya a gida, sai ta tuna bakin Safiatu ya fi rediyo nisan zango. Ta lallashi kanta da cewa mutanen Zango, masu jin Hausa irinta, ba su san jaz ba, ba sa kuma neman su sani. Turawa za su saya su rufe ido su ji kogi. A bar kaza cikin gashinta.

Aka sa bikin fitar da faifan wata Lahadi da la'asar, a zauren wani ɗakin karatu a Jamaica. Ba ranar aikinta ba ce, amma Baba ya nace sai ta zo. Ta gyara masa wuyan riga a bayan labule, ta ba shi ruwa, sannan ta ɗan leƙa zauren. A gaba ga tsofaffin masoyansa, baƙaƙe da farare, wasu da fayafayansa na da a cinya. Ta kai ido baya, sai ta ga mayafai. Ta ga huluna. Ta ga layi bayan layi na fuskokin da take gani a masallaci da shagon nama. Ga wani mutumin Nijar mai aikin ofis cikin babbar riga. Ga mijinta. Ga Safiatu a tsakiya, tana fifita da takardar shiri, haƙora duk a waje.

"Hajia, sannu da hikima!"

Ta juyo. Ishawu ne, ɗan zangon Nima mai tuƙin motar haya, wanda suka sha haɗuwa a taron suna da biki.

"Me ya kawo ka nan?"

"Ei, Hajia, ai ni nake kai Baba gwaji duk Asabar. Shi ya ce in cika masa zauren da mutanenmu. Kyauta ne, in ji shi, kowa ya zo."

Ta kama hannun rigarsa. "Ishawu, ka gaya masa ma'anar?"

"Shi ya tambaya. Ya rera mini a mota, na kusa hawa kan wata mota don dariya."

"Yaushe? Bayan an buga?"

"Ina! Tun kafin ku je situdiyo."

Tahiratu ta waiwaya a hankali. Baba na zaune yana jiƙa ɗan sillen karan da ake ɗaura wa bakin saksafon, ya ɗago ya kashe mata ido ɗaya. Wato duk lokacin da take ɗaga ido sama tana kiran kogi, shi yana sane, yana gyaɗa kai. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

Aka buɗe labule. Baba ya kama makirufo da murya irin ta liman ranar idi. "Wannan waƙa ta farko," in ji shi, "daga tsohuwar hikimar Afirka take. Sunanta..." Ya tsaya, ya ja numfashi, ya faɗa da Hausa tsaf kamar a Aboabo aka yanke masa cibi: "Tashi ka yi wanka. Ruhin kogi yana kiran alfijir."

Mutanen gaba suka yi ajiyar zuciya, wasu suka rufe ido. Daga bayan zauren aka ji wani ya shaƙe da dariya. Safiatu ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Mutumin Nijar ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Da saksafon ta fara faɗin maganar, sau ɗaya, sau biyu, da jan ƙarshen nan na mai jin haushi, sai bayan zauren ya fashe. Kowa a cikinsu ya ji muryar uwarsa da safe. Na gaba suka waiwayo suna harara, Ezra ya tsaya a gefe yana murza gemu. Amma Baba ya ci gaba, ya ɗauki 'yar maganar nan ya hau da ita, ya sauko, ya zagaya, har dariyar ta lafa da kanta, aka koma kaɗa kai. Da ya gama, tafin baya ya fi na gaba ƙarfi.

"Ta biyu," in ji Baba, "ta fi ƙarfin bayanina. Mai hikimar tana nan. Mis Tahira, zo ki faɗa musu mene ne Kunnen Ƙashi."

Ba hanyar gudu. Safiatu ta rangaɗa guɗa. Tahiratu ta fito, ta karɓi makirufo, ta dubi zauren. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta yi magana da Turancinta na kullum.

"A ƙasarmu, in Allah ya ba mutum kunne, nama ne, magana tana shiga. Amma akwai wanda nasa ƙashi ne. Likita ya ce wa mutumin nan ya rage busa, ba ta shiga ba. 'Yarsa ta ce ya zauna ya huta, ba ta shiga ba. Na ce ya sha magani, sai ya ba saksafon ta sha." Yanzu har na gaba sun fara dariya. "To in kun ji daɗin kiɗan yau, ku gode wa ƙashin. Ta farkon kuma ba kogi ba alfijir. Wanka ne, da ruwa da sabulu, kuma har yau sai an yi da shi."

Zaure ya kaure. Lorraine ta kifa kai a bayan kujerar gabanta tana share hawaye. Ezra ya rufe fuska da hannu biyu, daga baya shi ma aka ga cikinsa na motsi. Tahiratu ta miƙa wa Baba makirufo, ta faɗaɗa murmushi, ta ce masa da Hausa, "Za mu koma gida ai."

Kafin ta sauka daga dandamali saksafon ta maimaita. Mai ganga ya kama, mai fiyano ya shigo, mutanen baya suka ɗauka da baki suna tafi. Haka ta koma wurin zamanta, zaure guda na rera mata barazanarta.

Washegari Ezra ya bugo waya ya ce in za a sake bugu zai gyara fassarar. Baba ya ce kada ya kuskura ya taɓa ko harafi ɗaya, kogin ya zauna inda yake. Wani mai sharhi ya rubuta cewa faifan ya fi duk abin da Baba ya yi tun dawowarsa daga Turai, Baba ya sa aka karanta masa sau da yawa yana cewa mutumin bai san komai ba. Shi ne faifansa na ƙarshe. A Concourse Village kuwa waƙar farkon ta shiga wayoyin iyaye mata, da safe sai ka ji ta tana tashi daga ɗaki zuwa ɗaki, yaran da ba sa amsa Hausa suna jan tawul suna ƙunƙuni da Turanci. Tahiratu ta daɗe ba ta iya shiga shagon nama ba a ce mata "Sannu, mai hikimar kakanni" ba.

Da bazara ta zagayo matar Ishawu ta haihu, Baba ya ce lallai sai an kai shi suna. Aka yi taron da rana a wani zauren haya a Bronx. Bayan an ci an sha, aka ba shi kujera kusa da mai jego, ya ce zai yi wa jaririn, Fu'ad, busa ta musamman. Ya yi ta a hankali, da dukan gwanintarsa, har tsofaffin mata suka daina hira. Da ya gama ya leƙa cikin zanen. Yaro na ta sharar barci, baki a buɗe.

"Na yi busa a gaban masu suka iri-iri," in ji Baba, "amma ban taɓa ganin wanda ya yi mini barci a fili haka ba."

"Yau aka raɗa masa suna," in ji Tahiratu, "amma ya riga ya san abin da ya dace."

Baba ya dube ta, ya dubi jaririn, ya cika ƙirjin nan da iska. Tahiratu ta ce, "Baba, kada ka..." Bai bari ta ƙarasa ba ya saki wata ƙara kamar jirgin ruwa zai bar gaɓa. Fu'ad ya zabura ya tsala ihu, kakarsa ta miƙe da maficin hannu ta yi kan Baba, sauran tsofaffin suka rufa mata baya. Shi kuwa ya rungume saksafon ɗinsa yana kare kai, yana dariya har da tari, yana cewa, "Kun ji muryar yaron nan? Kun ji huhu? Ku ba ni shi in ya yi haƙora!"